Wa ya san Mambilla? Ina so in kai iyali a hutun Disamba

Abban_Sadiq:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka taka tudun Mambilla na jihar Taraba da ƙafarsu, ba waɗanda suka ganta a Facebook ba. Ni ina Kano, ma'aikaci ne, kuma idan yara sun samu hutun ƙarshen shekara ina so in kwashe su mu fita mu ga wani wuri, don kullum abu ɗaya ne daga gidan kakanni sai gidan zu sai a dawo a zube gaban talabijin har hutu ya ƙare. Uwargida ce ta taso da maganar saboda hotunan da take gani, tuddai kore shar ga shanu ga hazo, ni kuma tsorona kar mu ci wannan uwar tafiya mu je mu tarar ciyawa ce kawai da sanyi, yara su fara Abba ina abun kallon.

To abun da nake son sani, hanyar ya take, motata ƙarama ce Corolla zata iya hawa? Yara uku ne, ƙaramar shekararta biyar. Sannan akwai wuraren tarihi ko na al'ada da mutum zai nuna musu su ƙaru, ko dai shan iska ne kawai? Sai maganar masauki da tsaro. Wanda ya sani ya taimaka, Allah ya bada lada.

Direban_Serti:

Wa alaikumus salam Alhaji. Ni lodi nake yi a wannan hanyar don haka bari in maka maganar hanya kawai, tarihi na bar wa malamai.

Daga Kano kar ma ka sa a ranka zaka shiga Gembu rana ɗaya da yara a mota. Ka biyo Gombe, Numan, ka kwana Jalingo. Da asuba bayan sallah ka kama hanya, Garba Chede, Bali, Serti, sai Mayo Selbe wanda nan ne gindin dutsen, daga nan ake fara hawa. Wannan ma wuni ne guda kar wani ya ruɗe ka da taswirar waya, ita waya bata san rami ba bata san shingen jami'an tsaro ba. Ka cika tanki tun Jalingo ka ƙara a Bali in ka samu, a sama akwai mai amma ya fi tsada kuma wani lokacin sai na bumburutu.

Shi hawan, Corolla na hawa mana, ƙananan motoci na haya kullum suna hawa da mutum shida da kaya har saman but. Amma ka kai ta wajen bakanike tukuna a duba birki da lagireto, kuma ka riƙe galan na ruwa. Hanyar kwana-kwana ce, dutse a hannu ɗaya rami a ɗaya hannun, in ka leƙa ramin sai ka ga bishiyoyi can ƙasa ƙanana. Akwai wani hawa da ake ce ma Biyu da Sisi, wai kuɗin da ake biyan 'yan dako kenan zamanin Turawa kafin su haura da kaya a ka. Kayi ta hon a kowace kwana domin manyan motoci na saukowa da katako da ayaba da shanu kuma ba tsayawa suke iya yi nan take ba. Abun da ya fi kashe mutane ba hawan bane saukowar ce, mutum ya ɗora ƙafa kan birki tun daga sama har birkin ya ɗau zafi ya ƙi ci. Ka sa ta a giya ta ɗaya ko ta biyu ka bar inji ya riƙe ta, in otomatik ce ka mayar L. Kuma duk abun da zai faru kar magariba ta same ka a kan dutsen, hazo na sauka ka kasa ganin bonet ɗinka.

Kana gama hawa sai ka ga duniya ta buɗe, Maisamari, Nguroje, sai Gembu. Kwalta ta kai ka har Gembu duk da akwai wuraren da ta mutu. Amma ƙauyuka kam ka aje Corolla a masauki, can sai acaɓa ko tsofaffin Landiroba ɗin nan da tun muna yara suke aiki har yau, kanikawan can sun haddace su. Disamba lokaci ne mai kyau ta ɓangaren hanya tunda ruwa ya ɗauke. Da damina ne da nace ka haƙura.

Maman_Ilham:

Abban Sadiq ka gaida mana uwargida, tana da ido wallahi. Mun zauna a Nguroje lokacin da aka tura maigidana aiki can, to ni ta ɓangaren yara zan yi magana.

Na farko dai in gaya maka gaskiya don kar a ce an yaudare ta, hotunan nan masu kore shar yawanci na damina ne ko ƙarshenta, wajen Satumba zuwa Nuwamba. In Disamba tayi nisa ciyawa ta fara ja, zuwa Janairu da Fabrairu an fara ƙona ta don sabuwa ta tsiro wa shanu, sai ka ga wasu tuddan baƙi ƙirin. Har yanzu da kyau fa amma ba irin na hoton ba. In kuna iya tafiya da zarar an bada hutu ya fi muku akan ku jira bayan Kirsimeti.

Sanyi kuma ba irin na Kano bane mai busar da leɓe kawai, wannan shiga ƙashi yake musamman da asuba, ruwan alwala sai an ɗora a wuta in ba haka ba hannunka ya daina jin komai. Da rana kuma in rana ta fito garas sai ka cire rigar sanyin, yamma nayi ka nemo ta. A haɗo wa yara rigunan sanyi masu kauri, safa, hula, man shafawa, ku zo da bargonku ko biyu don na masauki ba lallai ya ishe ku ba. Ita ƙaramar a bata abu mara nauyi kafin hawan dutse kuma a riƙe leda a kusa, kwanonin nan na juya cikin yara har manya ma.

Abun da yara zasu so, ku kai su gonar shayi ta Kakara. Nan ake yin Highland Tea ɗin da kuke gani a kanti, gonar tun shekarun 1970 take, kuma shi ganyen shayi rani da damina kore ne don haka ko ciyawa ta bushe nan zaku samu hoton da uwargida ke so. Layi-layi ne an aske shi daidai ƙugu ya bi tudu ya sauka ya sake hawa, masu tsinka da kwando a baya suna cire 'yan toho na sama kawai. Nawa yaran har sun girma suna zaton daga kwali shayi yake fitowa sai da suka gani. Ku nemi izini a bakin get kar ku faɗa musu gona haka kawai, in kun dace ana aiki a masana'antar kuma an yarda zaku ga yadda ake shanya ganyen a niƙa a busar.

Sai kasuwa. Ni dai a wajena ranar kasuwa ta fi duk wani wurin kallo, matan Fulani da ƙwaryar nono da man shanu, 'yan Mambilla da na ƙabilar Kaka da ayaba da gwaza da masara, fiya manya-manya da a Kano sai ka yi tunani kafin ka saya can yara ke jifa da ita, dankalin Turawa, zuma mai kyau, kofi. Ku ci tuwon masara da miyar kumbi, ganye ne da suke ji da shi, farko zaka ji ɗan ɗaci daga baya kai zaka dinga nema. Fulatanci ne yaren kasuwa a can kowa na yi har waɗanda ba Fulani ba, amma Hausa ma ana ji sosai, akwai Hausawa 'yan kasuwa da suka yi shekara da shekaru, ba zaku ɓata ba. Masallatai ko'ina. Masauki akwai a Gembu daidai gwargwado amma kar ku sa ran irin na Abuja, ku tambaya ko suna bada ruwan zafi kafin ku biya, kuma ku riƙe tsabar kuɗi don sabis na iya ɗaukewa a rasa yin tiransifa.

Malam_Tarihi:

Alhaji tambayarka ta wuraren tarihi ita ta jawo ni. Mambilla akwai tarihi mai yawa amma ba irin wanda aka kewaye da waya aka kafa allo aka sa mai karɓar tikiti ba, in baka da wanda zai baka labari zaka wuce ta gabansa baka sani ba.

Ka fara gaya wa yara tun a mota cewa ƙasar da suke takawa ba da ita aka ba Najeriya 'yanci a 1960 ba. Da tana cikin Kamaru ta Jamus, bayan yaƙin duniya na farko aka raba Kamarun tsakanin Faransa da Ingila, wannan tsirin ya faɗo hannun Ingila a matsayin ƙasar amana. Sai a Fabrairun 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya ƙuri'ar raba gardama, arewacin ya zaɓi Najeriya, kudancin wato su Bamenda suka zaɓi Kamaru. Sardauna Ahmadu Bello ya yi ƙoƙari sosai wajen jawo su, shi yasa aka sa wa yankin Lardin Sardauna mai hedikwata a Mubi, kuma shi yasa har yau ƙaramar hukumar da Gembu ke shugabanta sunanta Sardauna. Daga baya ta zauna a jihar Arewa maso Gabas, sai Gongola a 1976, sai Taraba a 1991. Wannan kaɗai darasi ne da ba lallai an koya musu a makaranta ba, kuma zasu gane dalilin da yasa mutum zai ce maka ƙanensa na Banyo ta Kamaru ko kawunsa na tsallaken iyaka, layin ne ya ratsa ta tsakiyar dangi.

Abun gani da ido na zamanin Jamus yana ƙasa kafin ku hau, a ƙauyen Gashaka cikin gandun dajin Gashaka Gumti, akwai kufan sansanin sojan Jamus a kan tudu, ragowar bangon dutse. Shi gandun a 1991 aka mayar da shi na ƙasa kuma shi ne mafi girma a Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, wani ɓangare a Taraba wani ya shiga Adamawa ta wajen Toungo. Ofishinsu na Serti a kan hanyarku, nan ake karɓar izini a haɗa ku da ma'aikaci. Akwai dorina a kogin Kam, akwai gwaggon biri da ɓauna, akwai kuma chimpanzi amma shi kar kayi wa yara alkawari don sai an yi tafiyar ƙafa cikin kurmi kuma sai an dace. Ni da nine zan ware kwana ɗaya a Serti ko a zuwa ko a dawowa, yara ma sun huta da zaman mota.

A sama kuma akwai kogon Mbamnga da tsofaffi ke bada labarai a kai, da dutsen Kabri mai shatin sawun ƙafa babba da suke cewa na wani jarumin da ne. Kafin Turawa mutanen dutsen sun sha hare-haren neman bayi daga Banyo a ƙarni na 19, in ka zauna da dattijo zaka ji wannan a bakinsa. Sannan 'yan Mambilla gwanayen sassaƙa ne, 'yan mutum-mutumin icce da fuskokin dodo da suke yi sun cika gidajen tarihi na Turai da Amurka, abin takaici sai ka fi saurin ganinsu a can akan a Gembu. Musulunci da Kiristanci sun shiga sosai amma har yanzu akwai ƙauyukan da ake fito da dodon Suwa, kuma akwai wanda mata basa kallo, don haka in kun ci karo da irin wannan ku tambaya tukuna kafin a ɗaga waya.

In kuma abun da kake so shi ne wurin da duniya ta sa wa hannu, to wannan Sukur ce a duwatsun Mandara, ƙaramar hukumar Madagali a Adamawa. UNESCO ta sa ta a jerin kayan tarihin duniya a 1999, ita ce ta farko a Najeriya. Fadar Hidi, wato sarkinsu, ta dutse a kan tsauni, hanyoyi da aka shimfiɗe da duwatsu tun daga ƙasa, gonaki hawa-hawa da aka tokare da dutse, da wuraren narka tama don da can su ke sayar wa maƙwabta ƙarfe. Amma tafiya ce daban kwata-kwata, can arewa ce kusa da Borno, kuma Boko Haram sun shiga sun yi ɓarna a 2014, ba zan ce ka ɗauki yara ba sai ka ji daga bakin mutanen Madagali na yanzu.

Ɗan_Tudunwada:

Ni fa duk wannan wahala ban ga dalilinta ba. Kwana biyu zuwa kwana biyu dawowa da 'yar shekara biyar? Alhaji ka je Jos kawai, in ka tashi da safe azahar kana can. Ga sanyi, ga duwatsun Shere, ga dutsen Riyom, ga ruwan Assop, ga gidan tarihi tun na 1952 da kayan Nok a ciki da gine-ginen gargajiya da aka kwaikwaya har da ganuwar Kano, ga gidan namun daji, ga otal na gaske. Mambilla ka bari sai kai da abokai.

Maman_Ilham:

Ɗan Tudunwada ai Jos kowa ya je, kuma birni ce, go sulo ne da hayaƙi kamar ko'ina. Wanda ya ga Mambilla ba zai haɗa ba. Mu da jaririya muka hau kuma lafiya lau.

Abban_Sadiq:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam Direba maganar giya ta shige ni. Hajiya saƙonki ya isa, har ta fara lissafin barguna. Ɗan Tudunwada kaima maganarka abar dubawa ce, sai dai Jos mun taɓa zuwa biki. Saura maganar tsaro ba wanda ya taɓa, sannan babban yarona shekararsa goma sha huɗu ya ji ance dutsen da yafi kowanne tsawo a Najeriya yana can ya dame ni wai sai mun hau, abu ne mai yiwuwa?

Bappa_Gembu:

Salamu alaikum. Ni ɗan can ne, a Gembu aka haife ni duk da yanzu aiki ya kawo ni Yola, to bismillah Alhaji muna maraba.

Dutsen da yaronka ke magana Chappal Waddi ne, mu mun fi ce masa Gangirwal, tsawonsa mita 2,419 kuma a kan iyakar Kamaru yake cikin gandun Gashaka Gumti. Ba wurin da za'a je da safe a dawo cin abincin rana bane. Ta wajen Nguroje ake shiga, a yi doguwar tafiya a babur kan hanyar da ko babur ɗin wani wurin sai an tura, sannan a kama ƙafa a kwana a hanya, da ɗan jagora da masu ɗaukar kaya da izinin hukumar gandu. Ka ce masa ya bari ya ƙara ƙwari ku dawo ku biyu. Ai ko Gembu ɗin da zai kwana tudun ya kai wajen mita 1,600, ya riga ya fi duk inda ya taɓa hawa.

Abun da zai maye masa shi ne kurmin Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa, ba nisa da babban titi tsakanin Maisamari da Nguroje. Kana tafiya cikin ciyawa fili fetal sai kawai ka ga kurmi ya cika kwari, duhu, manyan itatuwa, tsuntsaye da birai, irin dajin da ya rage kaɗan a dutsen don yawancin bishiyoyin da zaku gani a hanya turare ne da aka shuka ana yanka katako. Akwai tashar bincike a wurin da wata jami'a ta ƙasar Niyuzilan ta kafa, yaran ƙauyen da yawa sun koyi aiki a nan sun san sunan kowace bishiya da kowane tsuntsu, in ka samu ɗaya ya zaga da ku to yaronka zai manta da Gangirwal. Tafiyar ƙafa ce amma wadda yaro zai iya, ƙaramar dai a bar ta da mamanta a sama. Sai ruwan Barup mai zubowa daga dutse, ta can wajen da ake ta maganar madatsar lantarkin nan mai megawat 3,050 da tun kafin a yi mani kaciya ake cewa za'a gina a kogin Donga, kar ka tambayi mutanenmu ina dam ɗin sai dai in kana son dogon labari. Shi kogin Donga yana nan ƙasan Gembu, ku sauka da yamma ku gani, ta nan ake bi zuwa Mbamnga inda Malam ya ce akwai kogo.

Tsaro kuma in gaya maka tsakani da Allah. Saman dutse yawanci lafiya ake zaune, baƙo baya da matsala, amma anyi rikici mai muni tsakanin manoma da makiyaya a 2017 an rasa rayuka da dukiya kuma maganar fili har yanzu tana da zafi. Kai baƙo ne, kar ka shiga wannan hirar a teburin mai shayi ko an ja ka, kowa da nasa ciwon. Inda ake ɗan jin labarin ɓarayi shi ne hanyar ƙasa kafin a iso dutsen, shi yasa direba ya ce tafiyar rana, kuma ana gobe zaku tashi ka je tashar motar Gembu a Jalingo ka tambayi direbobin da suka sauko ranar, su suka fi kowa sanin halin da hanya take ciki.

Sannan duk ƙauyen da kuka shiga ku fara zuwa wajen jauro ko mai gari ku gaisa, a ce ga baƙi daga Kano sun zo ganin gari, ɗan goro ko sukari ya wadatar. Shi zai haɗa ku da yaro, kuma ƙofofin da ba zasu buɗu ba sai su buɗu. Kar yara su tsallaka waya su shiga makiyayar mutum don ɗaukar hoto da shanu, yawancin tuddan da kake gani kamar ba mai su duk da masu su, a nemi izini za'a baku har da madara mai ɗumi. Matan Fulani ma a tambaye su kafin hoto.

In kun tsaida rana ka turo mani saƙo ta inbos, ƙanina na nan Gembu yana da babur, zai nemo muku masauki mai ruwan zafi ya kuma gaya muku ranakun kasuwar Nguroje da Mayo Ndaga don ku daidaita kwanakinku da su.

Direban_Serti:

Bappa ya gama magana. Alhaji ka ƙara da safaya taya mai kyau da jak, ba irin wadda ta shekara a but ba iska.